Kafin Ka Sayar da Faifan Garmahon Gidanku

Sharhinmu na yau daga Kalambaina yake fitowa, kuma zai tsaya ne a kan wani kaya da yawancinmu muka ɗauka an daɗe da yi masa jana'iza, wato faifan garmaho.

Mai sauraro, in shekarunka ba su wuce talatin ba, mai yiwuwa ba ka taɓa riƙe shi a hannu ba. Baƙin faifai ne mai siraran layuka, da 'yar huda a tsakiya. A ɗora shi kan na'ura yana juyawa, allura na bin layin, murya na fitowa. To, wannan faifan ya dawo kasuwa, kuma kasuwar tasa a cikin wayar hannu take ci. Ana cin karo da tallace-tallace a Facebook da Instagram: ana neman tsofaffin fayafayai, a turo hoto, za a saya gaba ɗaya. Saurayin da ke neman kuɗin makaranta ko jarin sana'a sai ya tuna da wata adaka da ke ƙarƙashin gadon mahaifinsa.

Ba banza ba na ce daga Kalambaina. A shekarar 1962, zamanin Sardauna Ahmadu Bello, aka kafa kamfanin siminti na Arewacin Najeriya, ya fara fitar da siminti a nan a 1967. Kamfanin ya tara masu albashi: injiniyoyi, akawuna, makanikai, direbobi, daga Arewa da Kudu, har da Turawa. Mai albashi a wancan zamani in ya sayi keke ya sayi rediyo, abin da ke biye shi ne garmaho, in hali ya ƙaru kuma a kai ga rediyogiram, babbar akwatin nan ta katako da ake ƙawata falo da ita. Saboda haka gidajen tsofaffin ma'aikata a Kalambaina da Arkilla da Wamakko da cikin garin Sakkwato ba sa rasa irin wannan ajiya. Da kaset ya shigo, aka tura fayafayan cikin akwati. Da CD da memori suka zo, aka manta da akwatin.

In aka buɗe irin wannan akwati, gauraye ake tararwa. Ga Shata da Ɗan Maraya Jos da Haruna Uji. Ga Rex Lawson da Victor Uwaifo da Osadebe da Fela. Ga waƙoƙin finafinan Indiya da muryar Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi. Ga Jim Reeves da Don Williams, waɗanda 'yan boko suka so ƙwarai. Gidan da aka yi alhazai da wuri ana iya samun Ummu Kulsum ta Masar, ko karatun Alƙur'ani, domin tun a 1961 aka naɗi karatun Shaihu Mahmud Khalil al-Husari na Alƙur'ani cikakke a kan fayafayai a Alƙahira.

Me ya tayar da wannan kasuwa? A ƙasashen Turai da Amurka da Japan mutane sun koma sayen faifai. Ƙungiyar kamfanonin kiɗa ta Amurka ta bayyana cewa a 2022 an sayar da fayafayan garmaho miliyan 41 a ƙasar, CD kuwa miliyan 33, karo na farko ke nan da faifai ya wuce CD tun 1987. A cikin masu sayen akwai waɗanda kiɗan Afirka ta Yamma na shekarun 1970 ya shiga ransu. A 2001 kamfanin Strut na Ingila ya fitar da tarin waƙoƙi mai suna Nigeria 70, a ciki har da waƙar Hausa ta Bala Miller, mutumin Kaduna, mai suna Ikon Allah, da kiɗan 'yan Sahara All Stars na Jos. Kamfanin Soundway ya biyo baya da Nigeria Special, Analog Africa na Jamus ya bi ƙasashen Benin da Togo da Ghana, a 2013 kuma Luaka Bop na Amurka ya sake buga kiɗan William Onyeabor na Inugu. Duk lokacin da aka sake fito da wani mawaƙi, sai farashin faifansa na asali ya tashi. Akwai fayafayan Najeriya na wancan zamani da ake sayarwa ɗaruruwan daloli guda ɗaya.

Ni ba na cikin masu cewa kada a sayar. Kayanka ne, kuma halin rayuwa kowa ya san shi. Faifan da ke kwance cikin akwati gara na cin kwalinsa bai amfani kowa ba. Abin da nake so mai sauraro ya riƙe shi ne, akwai ƙima iri biyu a cikin akwatin nan, kuma sau da yawa ba a faifai ɗaya suke haɗuwa ba. Akwai wanda kasuwar waje ke nema ido rufe, akwai kuma wanda in ya fita daga hannunmu ba mu da madadinsa.

Mu fara da na kasuwa. Mai saye a Landan ko Tokyo kiɗan jita da ganguna na zamani yake nema, wanda za a saka a gidan rawa: Fela, Ofege, BLO, The Funkees, Onyeabor, Bala Miller. Jim Reeves da Don Williams kuwa an buga su miliyoyi, suna nan jibge a kowace ƙasa, kuɗin aika su ya fi kuɗinsu. Dillalin da ya zo gidanka ya san wannan sarai. Shi ya sa ba ya tambayar faifai ɗaya-ɗaya, sai ya ce nawa za ka sallama akwatin duka. A cikin fayafayai ɗari, wataƙila uku yake so, kuma ukun nan za su biya masa kuɗin duka har ya ci riba ninki-ba-ninki. Wanda ya sallama a dunƙule ya yi daidai da mutumin da ya kai garke kasuwar Achida ya sayar a kuɗi ɗaya bai duba wace saniya ce ke da ciki ba.

Maganin wannan ba wuya gare shi. Kowane faifai yana da takarda manne a tsakiyarsa, da sunan kamfani da sunan mawaƙi da lamba. Akwai dandalin intanet mai suna Discogs, wanda wani Ba'amurke Kevin Lewandowski ya kafa a 2000, inda aka jera miliyoyin fayafayai na duniya. Ka rubuta sunan da lambar, zai nuna maka faifan, in an taɓa sayar da shi a can kuma ya nuna mafi ƙarancin kuɗin da aka biya, da matsakaici, da mafi yawa. A eBay ma ana iya duba abin da aka riga aka sayar. Ka lura, kuɗin da wani ya rubuta yana nema daban, kuɗin da aka biya daban. Wanda aka biya shi ne farashi.

Sannan lafiyar faifan. A nan ne yanayinmu ke cutar da mu. Fayafayai iri biyu ne. Akwai tsohon yayi mai nauyi, mai juyi 78 a minti, wanda ake yi da wani irin ƙaro, in ya faɗi sai ya tarwatse. Akwai kuma na roba, babba mai juyi 33 da ɗoriya wanda kamfanin Columbia ya fito da shi a 1948, da ƙarami mai juyi 45 da RCA Victor ya kawo a 1949. Na roba ba ya son zafi, mu kuwa a watannin Maris da Afrilu da Mayu zafin Sakkwato kan wuce digiri 40, balle cikin akwatin ƙarfe a ɗaki mai rufin kwano. Faifan da aka jibga wa kaya a kai cikin wannan zafi lanƙwashewa yake yi. Ga ƙurar hunturu, ga ƙurar hanya da manyan motocin siminti ke tayarwa dare da rana, tana shiga cikin layukan ta zauna, allura na bi tana gurzawa. Don haka a jera fayafayai a tsaye, cikin inuwa, a ɗakin da ya fi sanyi. A riƙe su ta gefe. Kada a wanke da omo, kada a goge da fetur ko kananzir, kada a shanya a rana. Ƙyalle mai laushi da ruwa mai tsabta sun isa, a bi da'irar layin, a kiyaye takardar tsakiya. Mai juyi 78 kada sifirit ya taɓa shi, narkar da fuskarsa yake yi. Kuma don Allah kada a gwada faifan roba a kan tsohon garmaho da ake wanawa da hannu. Allurarsa ta ƙarfe ce mai nauyi, juyi ɗaya ya isa ta kashe faifan.

Kwalin ma kada a raina shi. Ko ya yage, ko an rubuta sunan Baba a jiki da biro, a bar shi yadda yake. Faifai da kwalinsa ya fi faifai tsirara daraja nesa ba kusa ba.

In ka zo talla, ka faɗi gaskiya. Masu wannan harka suna da matakan da suke auna faifai da su, tun daga wanda bai taɓa hawa na'ura ba har zuwa wanda ya gurje. Ka ɗauki hoto a wuri mai haske, gaba da baya, ka nuna inda ya ƙarzu. In yana tsalle ka ce yana tsalle. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma wanda aka ɓoye wa aibi zai mayar da kaya ya karɓe kuɗinsa, ya kuma ɓata maka suna a dandalin. Addininmu ma ya hana ɓoye aibin haja.

Karɓar kuɗi da aikawa su ne inda ɗan Najeriya ya fi shan wuya. Discogs na cire la'adar kashi 9 cikin ɗari tun 2023. PayPal, wanda yawancin masu saye ke amfani da shi, ya shigo Najeriya a 2014 amma ya shafe shekaru yana barin mu biya ba ya barin mu karɓa, shi ya sa mutane da yawa ke bi ta hannun ɗan'uwa a waje ko dillali a Legas. Ka san hanyar da kuɗinka zai iso kafin ka sa talla. Ka je gidan waya ko DHL ka ji kuɗin aikawa tukuna, ka ɗora wa mai saye. Ka cire faifan daga kwalinsa ka jera su gefe da gefe, ka dafe da kwali mai kauri ta kowane ɓangare. In a cikin gida Najeriya ne cinikin, ko a Jiji ko a Facebook, kada kaya su bar hannunka don an nuna maka alat. Ka buɗe asusunka ka ga kuɗin da idonka.

Yanzu mu zo ga ɗaya ƙimar, wadda ita ce ta sa na ɗauko wannan magana.

Kamfanoni irin su EMI da Polydor da Tabansi sun buga fayafayan makaɗan Hausa. Amma zuwa ƙarshen shekarun 1980, da tattalin arziki ya karye, masu satar fasaha kuma suka cika kasuwa da kaset, manyan kamfanonin Turawa suka sayar da hannun jarinsu suka tafi. EMI ya koma Ivory Music, Polygram, mai Polydor, ya koma Premier. A cikin wannan sauyin hannu da shekarun da suka biyo baya, uwayen tef da yawa, waɗanda daga su ake buga faifai, sun ɓace ko sun lalace. Har kamfanonin wajen da ke sake buga kiɗan Najeriya sau da yawa daga tsohon faifai suke kwafowa, don ba a sami uwar ba. Wato faifan Shata ko na Ɗanƙwairo da ke cikin adakar gidanku yana iya kasancewa cikin 'yan kaɗan da suka rage a duniya.

Kuma shi ne wanda dillali zai ce maka ba shi da kasuwa. Ta wani ɓangaren gaskiya ya faɗa, domin kalangu da kotso da taushi da kuntigi ba su ne ake rububi a gidajen rawa na Turai ba. Sai a haɗa shi a matsayin gyara, ko a bar maka shi, kai kuma ka miƙa wa 'yan gwangwan tare da mataccen rediyogiram, ko yara su yi ta wurgi da shi a tsakar gida. Wannan yana yi mini ciwo ƙwarai.

Ku dubi abin da ƙasar nan ta haifa. Ibrahim Narambaɗa na Tubali a ƙasar Isa. Salihu Jankiɗi, makaɗin fadar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Aliyu Ɗandawo. Sa'idu Faru. Musa Ɗanƙwairo Maradun, wanda ya rasu a 1991. Ɗan Anace da ya yi wa Shago waƙar dambe. A bakin waɗannan mutane akwai sunayen sarakuna da hakimai da garuruwa, akwai tarihin noma da fatauci da siyasa, akwai tsantsar Sakkwatanci da yaran yanzu ba su ji. Mafi yawan abin da muke saurare nasu a waya kwafin kwafi ne: daga tef na gidan rediyo zuwa kaset, daga kaset zuwa wani kaset, daga nan zuwa memori. Kowane kwafi yana rage wani abu. Wani wurin muryar ta dushe, wani wurin an yanke farkon waƙar, wani wurin an laƙaba wa waƙar sunan wani makaɗi daban. Malamai irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, mai Diwanin Waƙoƙin Baka, da Farfesa Aliyu Muhammad Bunza da ya rubuta littafi a kan Narambaɗa, da Ibrahim Sheme da abokan aikinsa da suka fitar da tarihin Shata a 2006, sun sha wahalar bin waɗannan muryoyi suna rubutawa. Faifai mai lafiya na ɗaya daga cikin irin waɗannan makaɗa, da takardarsa mai ɗauke da suna da lamba da kamfani, hujja ce da kaset ɗin kasuwa ba zai taɓa bayarwa ba. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya a 2015. Ba za a sake kiran su ɗakin naɗar murya ba.

Ba na zargin baƙin da ke saye. Wasunsu sun yi mana aikin da mu ba mu yi ba. A farkon shekarun 1960 wani masani Ba'amurke, David Ames, ya naɗi kiɗan Hausa a ƙasar Zazzau, aka buga a Jamus ƙarƙashin UNESCO, har yau ana samunsa. Amma faifan da ya shiga ɗakin wani mai sha'awa a Berlin ya shiga ke nan. Ɗalibar da ke nazarin Hausa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ba ta san yana can ba, balle ta ji shi.

Ga misali daga maƙwabtanmu. Mamman Sani na Nijar ya naɗi kiɗansa na ogan mai lantarki a Yamai a 1978, aka fitar da shi a kaset 'yan ƙalilan, aka manta. Bayan shekara talatin da wani abu, Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds ya ci karo da kwafi ɗaya a wani ɗakin ajiya a Yamai, ya nemi mai kiɗan, suka yi yarjejeniya, aka buga shi a faifai a 2013. Mamman Sani ya sami haƙƙinsa, har ya je Turai ya yi wasa. Duk wannan ya yiwu ne don wani ya ajiye kwafi ɗaya a gida, a wurin da mai nema zai iya samu.

Saboda haka ga abin da nake roƙo. Ka ware fayafayan Hausa, da na Fulatanci da Zabarmanci da sauran harsunanmu, gefe guda. In za ka iya riƙe su, ka riƙe. In dole sai an sayar, a kwafe su tukuna. Akwai na'urar juya faifai da ake haɗawa da kwamfuta, akwai manhajar Audacity kyauta, a naɗi kowane gefe cikakke, a ɗauki hoton takardar tsakiya da kwalin gaba da baya. A rubuta sunan mai faifan da inda ya saya da shekarar, in akwai dattijon da ya tuna. Kwafi ɗaya ya zauna a gida, ɗaya a kai inda jama'a za su amfana.

Akwai hakkoki biyu da ba na so a tsallake. Na farko gado. In mai fayafayan ya rasu, sun shiga cikin dukiyar magada, ƙannenka mata da iyayenka mata suna da rabonsu a ciki. Don kai ne ka iya intanet bai sa sun zama naka ba. A zauna a yi shawara, a sayar da yardar kowa, a raba yadda shari'a ta ce. Na biyu, sayar da faifai ba sayar da waƙa ba ne. Waƙar tana da masu ita, makaɗin ko magadansa ko kamfanin da ya naɗa, kuma dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta kare su. In wani ya ce zai sake bugawa ya sayar, ka nuna masa hanyar gidan iyalan makaɗin. Yawancinsu suna nan, kuma ba a cikin wadata suke ba.

Na san kuma akwai gidajen da ba sa son kayan kiɗa ya kwana a cikinsu saboda fahimtarsu ta addini. Ina girmama wannan. Roƙona kawai, kafin a kai ga fasawa ko ƙonawa, a ba masu ajiyar tarihi, su duba abin da ke ciki.

Magana ta ƙarshe ga hukumomi ce. Muna da gidan adana tarihi da al'adu na Waziri Junaidu a nan Sakkwato. Muna da Cibiyar Nazarin Hausa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Muna da gidan rediyon Rima, ga Arewa House a Kaduna. Abin da ake buƙata teburi ne ɗaya, da na'urar juya faifai mai kyau, da allurar 78 da ta roba, da kwamfuta, da ma'aikaci ɗaya amintacce wanda zai karɓi faifai da rasit, ya kwafa, ya mayar wa mai shi. Laburaren Birtaniya na da shirin tallafa wa ajiyar da ke cikin haɗari tun 2004, ana iya neman tallafinsa. Kamfanin BUA kuwa, wanda ya ƙaddamar da sabon sashen siminti mai fitar da tan miliyan ɗaya da rabi a shekara a Kalambaina a 2018, zai iya ɗaukar nauyin wannan aiki cikin ayyukansa na al'umma, tun da albashin tsofaffin ma'aikatan wannan masana'anta ne ya sayi da yawa daga cikin fayafayan.

Mai sauraro, in akwai irin wannan akwati a gidanku, ka buɗe ta cikin makon nan, ka fitar da ita daga zafi, ka rubuta abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya kafin ka amsa wa kowane dillali. Sai mun haɗu a sharhi na gaba, in Allah ya kai mu. A huta lafiya.